Harajin gida a Katsina: wa ke da ikon karɓa, kuma ina kuɗin ke zuwa?

Tambaya: Ina da gida a wata sabuwar unguwa da ke bakin garin Katsina, na kuma fitar da shaguna uku a gabansa. Kwanan nan aka kawo mini takardar neman kuɗi, wai harajin gida da na shaguna. Alhali ruwa saye nake yi wurin 'yan ga-ruwa, mu muke haɗa kuɗi mu yashe lambatu, mu biya 'yan sintiri, har taransifoma da ta ƙone mu muka gyara. Shin wannan haraji yana bisa doka? Na jiha ne ko na ƙaramar hukuma? Kuma me ake yi da shi?

Amsa:

Malam, barka da ƙoƙari. Na yi aiki a sashen kuɗi na ƙaramar hukuma tun daga yankar rasit har na yi ritaya, kuma an sha yi mini wannan tambaya, wani lokaci cikin ladabi, wani lokaci da hayaniya a bakin ƙofar ofis. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba: harajin gida yana da tushe a doka. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a ciki akwai ƙiyasta darajar gidajen mutane domin ɗora musu harajin da Majalisar Dokokin jiha ta ƙayyade. Dokar 1998 da ta rarraba haraji tsakanin matakan gwamnati uku ita ma ta sa harajin gidaje da kuɗin shaguna da na kes-kes a rabon ƙaramar hukuma. Ke nan wanda ya ce maka babu irin wannan haraji sam, ya yaudare ka. Amma samuwar haraji a doka ba ta nufin kowace takarda da aka miƙo maka halattacciya ce, kuma zan dawo kan wannan.

Abin da ke rikita mutane shi ne kuɗi iri uku ne ke bin gida ɗaya, kuma duk "haraji" muke ce musu. Na farko kuɗin ƙasa ne. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, shi ke ba da izinin mallaka a cikin birane, ƙaramar hukuma kuma tana ba da na gargajiya a karkara. In kana da takardar shaidar mallaka ta gwamnati, wadda galibi wa'adinta shekara 99 ne, akwai kuɗin da ake biya duk shekara a kanta, kuma na jiha ne. Wannan hayar ƙasa ce, ko ka gina ko ba ka gina ba. Na biyu shi ne harajin ginin kansa, wanda tsarin mulki ya danganta da ƙaramar hukuma. Na uku kuɗin sana'a ne, wato na shagon da ake ciniki a ciki, kuma a al'ada wanda ke kasuwanci a shagon ne ke biya. In kai ne mai ginin kuma ka ba da haya, duba da kyau kada a ɗora maka nauyin mai shago, shi ma a je a karɓa a wurinsa.

A Legas sun haɗe kuɗin ƙasa da harajin gida da wani kuɗin inganta unguwa suka mai da su abu ɗaya tun 2001, jiha tana karɓa ta raba da ƙananan hukumomi. Da suka ƙara kuɗin a 2018 jama'a suka yi ca, sai da aka sassauta. Na kawo wannan ne don ka san cewa jiha na iya karɓa a madadin ƙaramar hukuma in an yi yarjejeniya ko doka a kan haka. Shi ya sa abin da za ka fara dubawa a takardarka shi ne sunan hukumar da ta aiko, da dokar da ta dogara da ita.

Yanzu ga babbar maganarka: me ake yi da kuɗin? Wannan jadawali na huɗu da ya ba ƙaramar hukuma ikon karɓa, shi ne kuma ya ɗora mata aiki. Titunan cikin unguwa, fitilun titi, magudanan ruwa, kwashe shara, banɗakunan jama'a, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, sa wa tituna suna da yi wa gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, duk suna ciki. Sannan tana da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya a matakin farko da aikin gona. Lambatun nan da kuke yashewa da kuɗinku, a rubuce yake cikin aikinta. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, saboda haka ƙorafinka a kan hanya yake. Ruwan famfo dai aikin hukumar ruwa ta jiha ne, wutar lantarki kuma tana hannun kamfanin rarraba wuta na KEDCO da ke kula da Kano da Katsina da Jigawa, don haka taransifoma ba ta cikin abin da harajin gida zai saya. Gara ka san ƙofar da za ka buga a kan kowace matsala.

To me ya sa askin ba ya yiwuwa? Sai mun leƙa cikin kasafin kuɗi. Kuɗin ƙaramar hukuma ta ƙofa huɗu suke shigowa. Akwai kason asusun tarayya da ake rabawa duk wata a Abuja, inda gwamnatin tarayya ke ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. Akwai kashi 35 cikin 100 na harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka saya, da shi ma nasu ne. Akwai kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar da jiha ta tara da doka ta ce a ba su. Sai abin da su da kansu suka tara daga kasuwa, tasha, mayanka, shaguna da gidaje. A inda na yi aiki, wannan na ƙarshe in ka ajiye shi kusa da kuɗin Abuja sai ka ji kunya. Akwai watan da abin da muka tara gaba ɗaya bai isa man motocin ofis da takardun aiki ba.

Kuɗin Abuja kuwa, sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma ta nan suka daɗe suna bi. Kafin su iso hannun ma'aji an cire albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya, da fansho, da kason masarautu, da kuɗin ayyukan haɗin gwiwa. Kada ka ɗauka duk cirewar nan zalunci ce. Wanda ya ga lokacin da malaman firamare ke yin watanni ba albashi ya san dalilin da ya sa aka koma cire nasu tun daga sama. Sai dai sakamakon shi ne abin da ke saura a yi titi ko kwalbati ɗan kaɗan ne, kuma ciyaman ba ya iya cewa ga abin da zai samu wata mai zuwa. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomin riƙo a maimakon zaɓaɓɓu. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, kuma ko an aiwatar da shi tsaf, albashin nan yana nan, dole a biya.

Kasafin kansa kashi biyu ne: na yau da kullum, wato albashi da kuɗin gudanarwa, da na manyan ayyuka. Shekarar kuɗi daga Janairu take zuwa Disamba. Kowane sashe ya kawo buƙatunsa, sashen kuɗi ya ƙiyasta abin da zai shigo, ciyaman ya gabatar wa kansiloli. Ga inda muke yaudarar kanmu. Sai a rubuta kuɗin shiga da kowa a ɗakin ya san ba za a tara su ba, don kawai lissafi ya daidaita, kowane kansila ya ga an sa wa mazaɓarsa rijiyar burtsatse ko kwalbati. In kuɗi suka gaza, ba a taɓa albashi, ba a taɓa alawus, manyan ayyuka ake yankewa. Shi ya sa za ka ga magudanar ruwa ɗaya tana fitowa a kasafi shekara uku a jere, a ƙasa kuwa ko buhun siminti ba a sauke ba. Sannan gyara ba shi da mai so. Sabon aiki ana kafa masa allo da sunan wanda ya yi, amma yashe tsohon lambatu ba wanda ke yanka masa ƙyalle, don haka kullum shi ne a ƙarshen layi.

Akwai illar da ta fi ƙarancin kuɗi, ita ce wadda na fi so ka riƙe. Hukumar da abincinta ke zuwa daga sama, sama take kallo. In gidanka da shagunanka ba su ƙara mata komai, ko ka yi fushi ko ka yi murna duk ɗaya ne a wurinta. Ranar da albashin ma'aikacin shara ya dogara da abin da unguwarku ta biya, ranar ce za a fara sauraron unguwarku.

Mu Katsinawa bai kamata wannan ya zama baƙo gare mu ba. Ƙasar Hausa ta san kuɗin ƙasa, kuɗin rafi, kuɗin karofi da jangali tun kafin zuwan Turawa. A Katsina aka fara kafa Baitulmali irin na En'e a Arewa, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ya hau gadon sarauta a 1906, tare da Baturen mulki Palmer. Daga kuɗin haraji ake biyan hakimai da alƙalai da 'yan doka, ake gina makaranta da asibiti, ake biyan duba-gari da ke shiga gida ya leƙa randa. Mai unguwa ya san kowane magidanci, sunansa yana cikin littafi. Ba na yabon zamanin ido rufe. Dattawa suna ba da labarin yadda ake shanya mutum a rana, ko a sayar masa da akuya, ko ya gudu ya bar garinsu saboda haraji, kuma talaka da mai kuɗi kusan abu ɗaya ake ɗora musu. Shi ya sa da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, talakawa suka yi murna, kuma suna da gaskiya. Abin da ya faru kawai shi ne an cire mugun haraji a daidai lokacin da kuɗin mai suka mamaye komai, ba a kuma gina mai adalci a gurbinsa ba. Littafin mai unguwa ya mutu, har yau ba mu da wanda ya kai shi cika.

Wannan littafi shi ne gaba ɗayan matsalar harajin gida. Ba a ɗora haraji na adalci sai an san gidajen da ke akwai, da masu su, da darajarsu. A cikin birni, wajen Ƙofar Soro ko kewayen Gobarau, akwai gidajen gado da magada goma sha suke da haƙƙi a ciki, ba a raba ba, wa za ka rubuta? A sababbin unguwanni kuwa gona ce aka yanka fuloti-fuloti, takardar ciniki ta mai unguwa ce kawai a hannun mutane, titi ba suna, gida ba lamba. Idan babu rajista, ma'aikaci zai bi abin da ido ke gani ne: gida mai bene, gida mai fenti, gida mai shaguna a bakin titi. Ina kyautata zaton haka aka yi aka zo kanka. Maƙwabcinka na cikin lungu mai gidan da ya fi naka girma wataƙila ba a taɓa buga masa ƙofa ba. Wannan ke sa mutane ƙin biya, ba yawan kuɗin kaɗai ba.

A ra'ayina, garinmu ba ya buƙatar ƙiyasi mai tsada irin wanda ƙwararre zai shiga kowane gida ya auna. Hanyoyin da aka sani uku ne: a duba kuɗin hayar da gidan zai iya kawowa a shekara, ko kuɗin da za a saye shi, ko a kasa gidaje aji-aji bisa unguwa da girma da irin gini da abin da ake yi a ciki. Ta ukun ta fi dacewa da mu, domin kowa zai iya lissafa nasa, kuma ba ta bar wa ma'aikaci ƙofar "zo mu sasanta" ba. Gidan ƙasa na gwauruwa ko na marayu a yafe shi ko a sa masa abin da bai taka kara ya karya ba. Otal, gidan mai, rukunin shaguna, gidajen haya masu yawa, su ɗauki mafi nauyi. Filin da aka saya aka katange ana jiran ya yi tsada, alhali titin gwamnati ne ya ɗaga darajarsa, shi ma bai kamata ya kwana lafiya ba. Masallatai, makarantun gwamnati da maƙabartu dama a al'ada ba a sa su.

Wani zai ce ai yana fitar da zakka. Allah ya karɓa, amma zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata a Suratut Tauba, aya ta 60, gidan da mutum ke zaune a ciki ma ba a fitar masa da zakka. Hanyarta daban, ta kwalbati daban.

Ka ce a bakin gari kake, kuma wannan ya kawo mu kan abin da ba a cika magana a kai ba. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, garin bai kai rabin inda ya kai yau ba. Yanzu ya tsallake iyakar ƙaramar hukumar Katsina ya shiga maƙwabta, musamman Batagarawa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a ƙasar Batagarawa take, haka madatsar ruwa ta Ajiwa da ta daɗe tana shayar da birnin. Mutum yana kwana a ƙaramar hukuma ɗaya, yana kasuwa a wata, 'ya'yansa na karatu a wata, shararsa kuma ana zubar da ita a wata. Ruwan saman Agusta bai san iyaka ba. In unguwar tudu ta cika lambatunta da leda, gidajen gangare ne ke rushewa, ko da a wata ƙaramar hukuma suke. Sauro ma haka, gobara ma haka.

Irin waɗannan ayyuka ba sa yiwuwa kowa shi kaɗai. Babbar magudana dole a zana ta daga inda ruwa ya taso har inda zai faɗa. Wurin zubar da shara ɗaya mai kyau da motoci kaɗan masu lafiya sun fi kowace ƙaramar hukuma ta sayi tifa ɗaya da za ta lalace a bar ta a harabar sakatariya. Wannan ne ya sa a manyan biranen jihohi za ka ga hukumomin jiha na tsara birane da na tsabtace muhalli sun karɓe yawancin aikin. Akwai hikima a ciki, akwai kuma illa: in shara ta taru, ƙaramar hukuma ta ce na jiha ne, ta jiha ta ce cikin lungu ba nata ba ne, kai kuma kana tsaye da hanci a toshe. Abin da nake ganin ya dace shi ne yarjejeniya a rubuce: manyan tituna da manyan magudanai da jujin gari na jiha, na cikin unguwa na ƙaramar hukuma, kuɗin aikin da aka yi tarayya kuma a raba bisa yawan gidajen da ke amfana. Ka ga mun sake komawa kan ƙirga gidaje.

Ina so kuma ka yi wani lissafi da ni. Mu ƙaddara unguwarku gida 300 ce, kowane gida yana sayen ruwan naira 1,000 a rana. Naira 300,000 ke nan kullum, miliyan 9 a wata, miliyan 108 a shekara. Misali ne kawai, ka sa lambobinku na gaskiya ka gani. Ba a sa kuɗin sintiri ba, ba a sa na yaro mai baro da ke kwashe shara ba, ba a sa maganin zazzaɓi da gyaran mashin da ramuka suka karya ba. Wato kuna biyan haraji tuntuni, mai nauyi ma, sai dai babu rasit, kuma talaka ya fi jin jiki, domin mai hali ya haƙa burtsatse a gidansa ya huta, marar hali ne ke sayen jarka kullum. Harajin gida na gaskiya in an riƙe shi da amana ya fi wannan sauƙi. In ba a riƙe ba kuwa, ya zama biya biyu, kuma wannan ne tsoronka, tsoro ne mai dalili.

To ga abin da zan yi da a ce ni aka kawo wa takardar. Ba zan yage ta ba, ba kuma zan miƙa wa wanda ya kawo ta kuɗi a hannu ba. Zan fara tabbatar da ƙaramar hukumar da filina ya faɗa, domin a unguwannin iyaka akan samu ɓangare biyu suna bin gida ɗaya, kuma ɗaya ce kawai ke da haƙƙi. Mai unguwa da dagaci sun san wannan. Sannan in je sashen kuɗin shiga da kaina in nemi a nuna mini dokar da aka dogara da ita, da ajin da aka sa gidana, da shekarar da ake nema, da yadda aka kai ga adadin. Ma'aikacin ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambaya. In na ga an yi mini ƙari, zan rubuta ƙorafi, in sa a buga mini hatimin karɓa a kwafina. In zan biya, sai a asusun hukuma a banki, ba asusun wani mutum ba, in karɓi rasit mai lamba in adana. Na taɓa ganin littafin rasit na bogi da ya fi na gaskiya kyan bugu, saboda haka takardar banki ita ce shaidarka ta gaske. Wanda ya ce ka kawo rabi a hannu a share sauran, baɗi ma zai dawo, kuma bashin yana nan a kanka.

Bayan haka kada ka tafi kai kaɗai. Tun da kuna iya haɗa kuɗin taransifoma, kuna da ƙungiya ke nan ko ba ku sa mata suna ba. Ku ƙirga gidajenku, ku yi musu lamba ko da da fenti ne, ku tara rasit ɗin waɗanda suka biya, ku rubuta buƙata ɗaya tak, ba goma ba. Ku kai wa kansilanku tare da mai unguwa wajen watan Satumba ko Oktoba, lokacin da ake haɗa kasafin shekara mai zuwa, domin wanda ya zo a Maris ya tarar an rufe littafi. Ku nemi a nuna muku layin da aka rubuta aikin da adadin da aka ware masa. Abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga Abuja duk wata ana wallafa shi, yaranku masu waya za su iya nemo muku, ku je da shi a hannu. In ni ne ku, magudanar da ta fi yi muku ɓarna da damina zan sa a gaba, in auna tsawonta da taku, in ɗauki hotonta ranar da ruwa ya cika ta, in haɗa da takardar.